Talata, lakcar gawa a tsakiyar bazara

Yau zafin garin nan sai addu'a, wajen ƙarfe biyu waya ta nuna digiri 41, ga ba wuta, a haka Dakta ya shigo yi mana lakca kan yadda ake gane kwana nawa gawa ta yi kafin a tsince ta. Ni da na ɗauka abin lissafi ne kawai, ashe yanayi ne ke riƙe da komai. A zafi irin na yau koren ƙuda kan sauka cikin mintuna ya zuba ƙwai a ido da hanci da baki, kafin kwana guda tsutsa ta fito, ciki ya kumbura. Damina ta fi muni, ga zafi ga laima. Hunturu kuwa iska ce ke shanye ruwan jiki, fata ta bushe ta yi tauri, sai wani a baya ya ce "kilishi ke nan", aka yi dariya, Dakta dai ko murmushi bai yi ba.

Abin da ya tsaya mini shi ne labarin William Bass, wani masanin binciken ƙasusuwan gawa na Amurka. A 1977 aka kai shi kan wata gawa a jihar Tenesi ya ce ba ta wuce shekara ba, ashe Kanar William Shy ne da aka kashe a yaƙin basasa tun 1864, an yi mata maganin hana ruɓewa an rufe a akwatin ƙarfe. Kuskuren shekara 113 fa! Kunyar nan na cikin abin da ya sa ya buɗe filin ajiye gawarwaki a jami'ar Tenesi ana kallon yadda suke ruɓewa. To amma sanyin can da namu ba ɗaya ba, in ka ɗauko lissafinsu ka ɗora kan gawar da aka tsinta a gona cikin Afrilu ai ka ɓata bincike, wataƙila ma ka ja wa marar laifi.

Da zan dawo na tsaya kan mushen akuyar nan ta bakin kwata, shekaranjiya ƙalau take kwance, yau ta yi tim ƙafafu a sama, tsutsa cike da baki. Na toshe hanci da gefen hijabi ina ƙirga kwanaki, mai shago na ta kallona.

A gida ina fara ba da labari Umma ta ajiye ludayi. "Ke wai tuwon za ki ci ko gawar? Mu dai Allah ya sa a rufe mu da wuri." Na ce amin Umma, amma tuwon ya ƙi wucewa.