Yaron Baga da tatsuniyar kura

Mu dai in yaro ya ga abin da bai kamata idonsa ya gani ba, abin da muka iya bai wuce "yi haƙuri, ka manta, ya wuce" ba, alhali abin na nan yana cinsa a ciki. Shi ya sa nake jinjina wa wata malamar firamare a unguwarmu, ƙawar yayata ce.

An kawo mata wani yaro ɗan Baga, cikin waɗanda suka tsero lokacin harin da Boko Haram ta kai garin a Janairun 2015, babansa ya rasu a hanya, kawunsa ke riƙonsa. Yaron nan sam ba ya magana, in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya shige ƙarƙashin benci yana kyarma, har wasu na cewa aljanu ne. Ita kuwa ba ta taɓa tambayarsa me ya gani ba. In an tashi sai ta ce "ɗana zo ka taya ni goge allo", daga nan ta jawo littafin tatsuniyoyi, ga ta nan ga ta nanku, tana karantawa tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo, shi yana gefe kamar ba ya ji.

Ran nan tana karanta wata da kura ta cinye 'ya'yan akuya sai ya ce "Malama ba haka aka yi ba, cikin ruwa suka ɓuya bayan ciyawa, kura ba ta gan su ba." Wallahi da ta ba ni labarin sai da na yi ƙwalla, don kowa ya san ba kura yake nufi ba. Ba ta tone shi ba, biro da littafi ta miƙa masa ta ce to rubuta mana taka. Abin da bakinsa ya kasa faɗa kai tsaye, sai ya ɗora wa dabbobi, kaɗan-kaɗan.

Irin wannan riƙon ne ya sa nake ganin girman Barista Zannah Mustapha, wanda ya buɗe makarantar marayu a Maiduguri tun 2007, ya haɗa 'ya'yan waɗanda aka kashe da 'ya'yan 'yan Boko Haram a aji ɗaya, har aka ba shi lambar yabo ta Nansen, wadda hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa, a 2017.

Littafi kaɗai fa bai isa ba, malamar da kanta ta matsa wa kawun ya kai shi asibiti ya ga likitan ƙwaƙwalwa saboda firgitar dare. Yaron ya gama sakandare yanzu, ita kuma har yau neman littattafan Hausa na yara take, don ajin nata bai rabu da irinsa ba.