Inda na kwana a aikin mariƙin takobina

Mako na uku ke nan ruwan takobin yana jingine a bango tsirara, ni kuwa ina ta fama da abin da na ɗauka aikin kwana biyu ne. 'Yan'uwa masu koyo, duk wanda ya ce muku da an gama ƙera ruwa an ci ƙarfin aiki, to bai taɓa haɗa mariƙi ba.

Ga abin da ke hannuna. Ruwan daga tsohon sifirin na mota na ƙera shi, tsawonsa santimita 76, wutsiyar da za ta shige cikin mariƙi kuma 17. Nauyinsa haka ba komai a jiki giram 780. Da na ɗora shi a kan yatsa, sai da na matsa santimita 21 daga kafaɗa, wato inda ruwa ya haɗu da wutsiya, kafin ya tsaya daidai; wannan wurin shi nake kira ma'auni. Abu uku zan sa masa: gicciyen da ke kare hannu, ƙotar da ake kamawa, sai curin ƙarfe na can ƙarshe.

Da fari takarda na ɗauka. Na duba hotunan takubban Turai na da, waɗanda masanin takubba Ewart Oakeshott ya kasa gida-gida, da mariƙan 'yan Viking, mayaƙan arewacin Turai na da, waɗanda wani masanin, Jan Petersen, ya tsara tun 1919, na zana curi faffaɗa kamar faifai, faɗinsa santimita 6, kaurinsa 2.5, na tagulla. A takarda kam sai wanda ya gani. Ashe kyan ɗan maciji ne. Allah ya taimake ni na yi lissafi kafin in yanka ƙarfe: kowane santimita kubik na tagulla yana da nauyin giram 8.5 ko kusa da haka, wato curin nan shi kaɗai zai kai giram 600. Takobin da ake riƙewa da hannu ɗaya galibi bai cika wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba, nawa kuwa zai doshi kilo 1.6.

Sai na ajiye zanen, na kwaso notina masu nauyi, na riƙa ɗaura su a bakin wutsiya da salatef ina auna su a sikeli. Wannan gwajin shi ya fi komai koya mini. Da na sa giram 600, ma'aunin ya dawo kusan santimita 5 daga gicciye. Takobin yana juyawa cikin sauƙi, amma saransa ya mutu, kamar kana kaɗa sanda mai nauyi a gindi. Da na rage zuwa 150 sai bakin ya riƙa rinjayar hannu, wuyan hannuna ya fara ƙorafi bayan sara goma. A giram 200 ne na ji abin ya zauna, ma'auni wajen santimita 11, jimillar nauyi kuma ta kusa kilo 1.2. Saboda haka curin ya koma santimita 4.5 a faɗi, 1.6 a kauri. Bai kai na takarda ƙayatarwa ba, amma hannu ya yarda da shi.

Akwai wani gwaji da ba kowa ke yi ba. Ku riƙe takobi a tsaye, ku daki curin da tafin hannu, ku duba ruwan. Zai yi rawa, amma akwai wurin da ba ya motsi, wajen kashi ɗaya cikin uku daga tsini. Akwai irinsa na biyu a wajen mariƙi, kuma so ake ya faɗo kusa da gicciye, ƙarƙashin manuniya, don kada girgizar sara ta shiga hannu. Nauyin curi yana matsar da wannan wurin.

Gicciye kuwa sau biyu na yi shi, kuma laifina ne. Na huda ramin wutsiya da injin huda, na ɗauki magagari ina ci ba tare da ina gwadawa ba. Kafin in ankara ramin ya yi faɗi da abin da bai kai milimita ɗaya ba, amma da na girgiza takobin sai ƙyal-ƙyal. Wani zai cika gurbin da gam ya wuce wurin. Ni raina bai kwanta ba, na jefa shi cikin tarkace. A na biyun ina shafa baƙin maka a wutsiya, in zura gicciyen, in zare, in ci wurin da baƙin ya taɓa kaɗai. Santimita ɗaya na ƙarshe da guduma na kora shi, ta kan guntun bututu. Ku lura da kafaɗa, inda ruwa ya haɗu da wutsiya: kada ku yanka ta da kusurwa mai kaifi, ku bar mata ɗan lanƙwasa, don a irin wannan kusurwar tsaguwa ke farawa.

Ƙota ba ta ba ni wahala sosai ba. Katako mai tauri na tsaga biyu, na fafe gurbin wutsiya a kowane ɓari, na manne su. Tsawonta santimita 10, faɗin tafina da ɗan rara. Abin da nake so ku riƙe shi ne kada ku yi ta zagayayya kamar ƙotar tsintsiyar roba. Ku yi ta da siffar ƙwai, tsayin ƙwan yana bin layin kaifi, ta yadda ko ido a rufe hannu ya san inda baki yake kallo. Zagayayya murɗewa take yi a hannu lokacin sara. Na naɗe ta da zare mai ƙarfi, na rufe da siririyar fata jiƙaƙƙa, na sake naɗe wani zaren a kai har ta bushe. Da na warware, sawun zaren ya fito raɗau a fatar, ba ta santsi ko da gumi.

Saura daddale bakin wutsiya a kan curi, wanda shi zai ɗaure komai wuri guda. Masu takobin Japan turken gora suke sokawa ta cikin wutsiya, masu talwar, takobin Indiya, kuma da ƙaro suke kafe ruwa a mariƙi, ni dai na zaɓi dukan guduma. Jiya na goga magagari a bakin wutsiyar, sai ya zame yana ƙara bai ci komai ba. Ta yi tauri ke nan tun lokacin da na tsoma ruwan a mai, kuma in na dake ta a haka tsagewa za ta yi. Gobe zan zare komai, in naɗe ruwan da jiƙaƙƙen tsumma, in gasa bakin wutsiyar har ya yi ja, in bar shi ya huce a hankali. Sannan in yanke rarar, in bar milimita 3 a saman curi.