Daga Lawanti zuwa Jimeta, kilomita 200 kacal

Wata uku da yi wa Inna aiki a ƙashin baya ta ce lallai a mayar da ita gida Jimeta, ta gaji da zaman Gombe. Likita ya yarda, amma ya ja mini kunne a kan jijjiga. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham har Numan ya san abin da ya faɗo mini a rai. Sai na ce to, mu bi ta sama.

Da daddare na buɗe taswira a waya, na ja layi daga filin jirgin Gombe da ke Lawanti zuwa na Yola. Kilomita 200 da 'yan kai. Matuƙa jirgi da mil na teku suke lissafi, kowane ɗaya kilomita 1.852, wato wajen mil 110 ke nan a wurinsu. Ƙaramin jirgi mai farfela, irin mai gudun kilomita 500 a awa, da kyar zai yi fiye da rabin awa a sama. Kafin shayin Inna ya huce a kofi mun ga Binuwai a ƙasa.

Washegari na je wurin mai sayar da tikiti. Ya danna kwamfuta, ya ɗago ya ce, "Alhaji, sai dai ta Abuja." Na koma kan taswira. Gombe zuwa Abuja ya haura kilomita 420, Abuja zuwa Yola kuma wajen 570. Kusan 1,000 ke nan, ninki biyar na tafiyar da muke nema. Tikiti biyu kowannenmu, ga lokutan tashin ba su dace ba, sai mun kwana a Abuja. Tsohuwa a keken guragu, a hau da ita matakala sau biyu, a sauko sau biyu.

Na san hujjar kamfanonin. Jirgi ya fi shan mai wajen tashi da hawa sama, kuɗin sauka kuma biyansa za ka yi ko tafiyar gajera ce ko doguwa. Idan ka ɗauko jirgi mai kujera 140 ka sa shi a wannan 'yar tazara da fasinja 20, asara ce ƙiri-ƙiri. Ban musa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, jihohi da dama sun zuba kuɗi sun gina fili, Bauchi da nata, Jalingo da nata, amma duk sun juya wa juna baya suna kallon Abuja da Legas. Jirgi mai kujera 19 ko 50 da zai riƙa zagaya garuruwan nan sau biyu a mako, shi muke buƙata, kuma na tabbata marasa lafiya da 'yan kasuwa kaɗai sun isa su cika shi.

A mota muka tafi. Na cire kujerar baya, na shimfiɗa katifa, ƙanwata ta tallafe mata kai da filo biyu. Duk ramin da direba ya ratse, sai na ji ta ce "Wash, ya Salamu," a hankali, don kada in ji. Da muka hau gadar Numan ta ce, "Ɗan nan, buɗe mini gilashi in ga ruwa." Na buɗe. Bayan la'asar muka shiga Jimeta, mun bar Gombe tun da hantsi.