Abin da fasfon kare bai faɗa mini ba

Duk mai zama a Birtaniya da ke leƙa shafukan masu ceton dabbobi a Facebook ya san irin hotunan: kare a bayan waya, haƙarƙari a waje, ido zuru-zuru, a ƙasa an rubuta cewa kwanansa ya kusa ƙarewa in ba a sami mai ɗauka ba. Da yawansu daga Romaniya suke, kuma maganar ƙarewar kwanan ba ƙarya ba ce. Tun shekarun 1980, lokacin da gwamnatin Nicolae Ceaușescu ta rushe unguwanni a Bukares, babban birnin ƙasar, ta kwashe mutane zuwa dogayen benaye, aka bar karnuka barkatai a titi suna ta hayayyafa. A 2013, bayan karnuka sun kashe wani yaro ɗan shekara huɗu a birnin, aka yi dokar da ta halatta kashe karen da aka kama in ya yi kwanakin aiki 14 a ma'ajiyar hukuma ba wanda ya zo nemansa. Ta wannan hanya na ɗauko karyata, wadda muke kira Toka saboda launinta, ta hannun wata ƙaramar ƙungiya ta 'yan sa-kai.

Karɓar tata ba ta yi wuya ba. Na cike fom, wata mata ta kira ni ta bidiyo na zaga da ita gidan ta ga tsayin shinge, na biya abin da suka yanka, aka ba ni rana. An ɗauko Toka a motar jigilar karnuka, cikin keji, suka yi kwanaki a hanya suna ratsa Turai suna sauke karnuka gida-gida. Direban ya miƙo mini igiya da ambulan ɗin takardu, ya ja motarsa.

A cikin ambulan ɗin akwai fasfo mai shuɗin bango cike da hatimi, kuma wanda ya ga hatimin nan sai ya ɗauka an tantance lafiyar kare tun daga kai har wutsiya. Abin da dokar shiga Birtaniya ta nema a lokacin bai taka kara ya karya ba. A dasa wa kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare bayan ya kai mako 12 da haihuwa, a jira kwana 21, sannan a ba shi maganin tsila tsakanin awa 24 zuwa 120 kafin ya shigo. Da yake doka tana lissafa karen ceto cikin shigo da dabba na kasuwanci, ko da ƙungiyar agaji ce ta kawo shi, akwai kuma takardar lafiya ta hukuma da ke biyo shi. An tsara waɗannan sharuɗɗa ne don tsare ƙasa daga cututtuka ƙalilan da take tsoro. Sauran abin da kare zai iya shigowa da shi cikin jininsa, a lokacin wannan tsakaninka ne da wanda ya ba ka shi.

Su kansu takardun ba kullum suke da gaskiya ba. A 2015 an shigar da wata karya Amurka daga Masar da takardar rigakafi ta jabu, ashe tana ɗauke da ciwon hauka. A 2021 an sake samun wani daga Azarbaijan, cikin ayarin karnukan ceto, kuma a watan Yulin shekarar hukumar CDC, mai yaƙi da cututtuka a Amurka, ta dakatar da shigo da karnuka daga ƙasashe sama da 100. Ita ma Birtaniya a Afrilun 2022 ta rufe ƙofar shigo da karnuka na kasuwanci daga Romaniya da Yukiren da Belarus da Poland na tsawon watanni, bayan an gano matsala a takardun wasu. Cutar haukan kare, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma in alamunta suka bayyana kusan ba a tashi, ba abin wasa da hatimi ba ce. Shi ya sa abu na farko da likitar dabbobinmu ta yi shi ne ta goga na'ura a wuyan Toka ta gwada lambar da ta fito da ta fasfo, ta duba ko ranar dasa na'urar ta riga ranar allura, sannan ta ɗaga leɓenta ta ƙare wa haƙora kallo don ta ga ko shekarun da aka rubuta sun yi daidai. A nan dai komai ya tafi daidai.

Daga nan ta sa safar hannu, ta tambaye ni ko an yi mata gwajin Brucella canis. Na nuna mata wata takarda da ƙungiyar ta haɗo, mai layuka huɗu da alamar babu cuta a gaban kowanne. Ta karanta ta ce wannan gwajin gaggawa ne na tsutsar zuciya da cututtukan kaska, wanda take nema ba ya ciki. Ta ƙara da cewa asibitinsu ba ya yi wa karen da ya fito daga gabashin Turai tiyata ko wankin haƙori sai an ga sakamakonsa, don ma'aikatansu ne ke taɓa jini.

Wannan ƙwayar cuta 'yar'uwar mai kawo bakkale ce a shanu, sai dai ita karnuka take bi. Tana sa ɓari da rashin haihuwa, tana kama ƙashin baya har kare ya riƙa ƙin tsalle, amma karnuka da yawa suna yawo da ita garau ba alamar komai. Tana fita ta fitsari da jini, ta fi yawa a ruwan haihuwa da mabiyiya, kuma tana kama mutum: zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, zufa, ciwon gaɓɓai. An fi jiye wa masu ciki da ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki. A 2022 aka tabbatar da wata mata a Ingila ta kamu daga wata karya mai ciki da aka kawo daga Belarus ta ba ta riƙo. Matar ta kwanta asibiti, aka kashe karyar tare da karnukan gidan. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne babu maganin da ke tabbatar da cutar ta fita daga jikin kare. Ko an yi watanni ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta tana iya laɓewa ta dawo, don haka shawarar da likitoci suka fi bayarwa ita ce a kashe shi, in kuwa ka ƙi, to ka ware shi daga sauran karnuka har ƙarshen ransa.

A lokacin ƙanwata tana da tsohon ciki, kuma ba ta mako ba ta zo gidanmu ba. Da na yi mata bayani a waya sai ta yi shiru, can ta ce, “Yaya, wato karyar da ta lashe mini hannu ranar nan?” Na ce ita. Ta ce, “To ni da gidanka sai na sauka, kar ka ga laifina.” Ban ga laifinta ba. Sakamakon farko ya fito babu komai, amma tsugune ba ta ƙare ba, don jikin kare yana iya ɗaukar har wata uku bayan kamuwa kafin gwaji ya nuna. Karen da ya kwana a keji ɗaya da mai cuta mako guda kafin tafiya zai iya cin gwajin ranar tashi sumul. Sai da aka sake ɗibar jini bayan wata uku, shi ma ya fito lafiya, sannan muka daina bin tsakar gida da safar hannu da ruwan bilic.

Wannan jinkiri shi ne babban abin da na fahimta game da karen waje: kusan duk abin da ya ɗauko, a makare yake bayyana. Tsutsar zuciya ce ta nuna mana haka. Sauro ne ke ɗaukar ta daga kare zuwa kare, tana girma a jijiyoyin huhu da ɓangaren dama na zuciya har ta kai kusan santimita 30, kuma gwajin jini ba ya ganin ta sai ta yi wajen wata shida a jiki. Takardar ƙungiyar ba ƙarya ta yi ba, an dai yi gwajin ne tun tsutsar ba ta isa a gan ta ba. Toka ta fara wani busasshen tari in ta yi gudu, tana saurin gajiya, aka sake gwaji sai ga ta. Da yake ba cutar ƙasar ba ce, allurar melarsomine mai kashe tsutsar sai da asibitin ya yi odarta daga waje da izini na musamman. An fara da makonni huɗu na maganin doxycycline, sannan allura ɗaya a naman baya, bayan wata guda kuma biyu a jere, kwana ɗaya tsakani. Mafi wuya shi ne hutun dole. Tsutsotsin da suka mutu suna farfashewa cikin jini, in zuciya ta buga da ƙarfi gutsuren zai iya toshe huhu, saboda haka ba gudu, ba tsalle, ba hawa bene, fita fitsari ma da gajeriyar igiya, na tsawon watanni. Karyar da da kyar ta fara yarda da mu, ga shi mun mayar da ita keji. Kamfanin inshora ya ce cuta ce da ta riga rajista, bai biya ko sisi ba, kuma a gaskiya haka yake rubuce a yarjejeniyar.

Wanda zai ɗauko daga Sifen ko Girka ko Fotugal ko Kubrus, nasa abin tsoron leishmaniasis ne, wadda wani ɗan mitsitsin ƙuda mai cizo ke yaɗawa. Tana iya yin shekaru a kwance kafin gashi ya fara zuba a gefen ido, farata su yi zaƙo-zaƙo, ƙoda ta fara lalacewa, kuma danne ta ake yi da magani irin allopurinol, sau da yawa har abada. Kaska ma abin dubawa ce tun daren farko, don akwai wata ja-ja ta ƙasashen zafi da ke iya zama cikin ɗaki ta hayayyafa a tsagar bango.

Duk wannan jini ne, ana auna shi. Hali ba shi da gwaji. A tallar an rubuta cewa Toka mai sanyin hali ce, tana son mutane. Abin da aka kira sanyi tsoro ne. Ta shige bayan kujera ta dunƙule, ba ta cin abinci sai an kashe fitila kowa ya kwanta, da safe mu tarar da kwano wayam. Bakin ƙofa kan sa ta ƙame, tayil ɗin kicin tana taka shi kamar mai tafiya a kan ƙaya, ƙarar injin wanki kuwa sai ta saki fitsari. Masana halayyar karnuka suna cewa abin da kwikwiyo ya saba da shi tsakanin mako uku zuwa wajen mako 12 shi yake ɗauka a matsayin duniya. Wanda ya yi wannan lokaci a juji ko a ma'ajiya mai ɗaruruwan karnuka ya iya karnuka, ya iya neman abinci, ya iya gudu, amma bai san ɗaki ba, bai san igiya ba, hannun mutum kuma ya fi saninsa da jifa ko sandar kamu.

Gudun nan na gan shi da idona. Muna tafe a gefen titi wata motar shara ta saki iska, fuuu. Toka ba ta ja gaba ba, baya ta yi, ta sunkuyar da kai, ta lanƙwashe kunnuwa, ta girgiza sau ɗaya, sai ga abin wuyan a hannuna yana lilo. Abin da ya cece mu igiya ta biyu ce da ke ɗaure a ɗamarar ƙirjinta, mai maɗauri na uku a bayan haƙarƙari, wadda wata mai horar da karnuka ta nace in saya. Karnukan waje da yawa a kwanakin farko suke ɓacewa, wasu tun a bakin mota, kuma karen da ya tsorata ba ya amsa kira, bare sunan da aka raɗa masa jiya.

Bayan ta warke ta saki jiki, sai wani halin ya fito. Ta fara tsare gida. Baƙo in ya shigo ya zauna ba ta kula shi, amma ya miƙe tsaye sai gurnani. Mai horarwar ta dubi faɗin kanta da kaurin gashinta ta ce da alama akwai jinin karnukan makiyaya na tsaunukan Karpatiya, waɗanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana zaɓa don su kori kyarkeci da beyar daga garke ba tare da jiran umarni ba. A hoto kwikwiyonsu abin sha'awa ne, kuma galibi “gauraye” kawai ake rubutawa. Horo yana rage abin, ba ya cire shi. Yanzu in za a yi baƙi tana ɗakinta da ƙofar ƙarfe, in za a je asibiti da takunkumi, kuma ɗan ƙanwata ba a barin sa da ita ko na ƙiftawar ido.

Ita ƙungiyar fa? Lokacin da maganar tsutsa ta taso na rubuta musu. Sun amsa da alhini da addu'a, daga baya saƙo ya daina samun amsa. Ba na ce mugaye ba ne. Mutane ne ƙalilan da karnuka suka fi ƙarfinsu, hankalinsu na kan motar gaba. Amma a nan ake gane bambancin ƙungiya da ƙungiya. Wani maƙwabcina da ya ga Toka ta yi kyau ya ce shi ma zai ɗauko, na ce ya fara tambayarsu a rubuce: in zama bai yiwu ba, wa zai karɓi karen a cikin ƙasar nan, kuma a ina zai kwana? Ya nemi sakamakon Brucella daga ɗakin gwaji mai suna, da kwanan wata da lambar na'urar karen a jiki, ya ji ta bakin likitansa da kamfanin inshora tun kafin ya biya. Na kuma ce ya fi neman karen da ya riga ya iso yana hannun mai riƙo a wani gida, inda zai je ya gan shi, ya ga yadda yake yi da yara da baƙi da ƙarar mota. Ƙungiyoyi masu tsari suna da irin waɗannan, kuma ba sa jin haushin tambaya. Ya rubuta wa waɗanda suka sa hoton da ya burge shi, suka ce masa karen zai tafi ga wani in bai tura kuɗin ajiye wuri a daren ba. Bai tura ba, yanzu yana jiran ganin wata karya da ke hannun mai riƙo, an ce sai sakamakon gwajinta na biyu ya fito.