Na je zana masu jiran jirgi, sai aka koma kallona

Har yau in na tuna abin yana cina a rai, don haka duk mai niyyar fita zane a bainar jama'a ya saurare ni da kyau, ka bar babban allo a gida. Ba don nauyi ba, a'a, don shi ne zai kashe maka abin da ka fito nema tun kafin ka yi nisa.

Abin da na je nema a zauren jira na tashar jirgin ƙasa shi ne gajiya. Ka san irin yanayin nan na yamma idan jirgi ya makara, kowa ya gaji da duba agogo ya saki jiki, haske yana shigowa a karkace ta tagogin sama yana sauka a rabin bencina, sauran rabin kuma cikin duhu-duhu, lasifika tana magana babu mai saurare. Farkon aikin lafiya lau, na ƙanƙance ido har komai ya koma kala uku, farin takarda, toka-toka da baƙin fensir 6B, mai laushin nan da ke ba da baƙi sosai, na shimfiɗa duhun da gefen gawayi, ba sai na tsaya bayani ba. Akwai wani dattijo a bencin gabana yana gyangyaɗi, jaka a tsakanin ƙafafunsa, igiyar jakar ya naɗe ta a wuyan hannu, kafaɗa ɗaya ta faɗi ƙasa da ɗayar, baki a ɗan buɗe. Wallahi duk gajiyar zauren nan tana kan kafaɗar nan tasa, da na same ta da na gama.

To amma allon da na ɗora a cinya ya kusa rufe min ƙirji. Wani yaro ne ya fara zuwa ya tsaya a bayana, sai uwarsa ta zo ɗaukarsa ita ma ta tsaya, sai wasu samari, kafin ka ce kwabo an yi min zobe ana nuna dattijon da yatsa ana dariya, shi kuma ya farka ya ga idanu a kansa, ya miƙe zaune ƙyam, ya gyara wuyan riga, ya zuba min ido kamar mai jiran a ɗauke shi hoton fasfo. Ya ce "ɗana, in ni kake zanawa ka rage min hancin nan." Na ce "to baba, an gama." Kowa ya fashe da dariya, mutanen da tun ɗazu ba su ce wa juna uffan ba suka ɓarke da hira. Zauren ya farka gaba ɗaya, kafaɗar nan kuma ta tafi ke nan.

Daga baya ne na gane ashe abin da ya same ni sananne ne. William H. Whyte, wani Ba'amurke da ya shafe shekarun 1970 yana nazarin yadda mutane ke zama a dandalolin birnin New York, ya lura cewa idan wani abu ya bayyana a tsakiyar fili, mai wasa ne ko wani sassaƙe, baƙin da ba su san juna ba sai su fara magana saboda shi. Ya fitar da sakamakon a 1980. To ni ne na zama mai wasan, ba da sanina ba. Abin da ya ƙara ba ni haushi kuma, shi Whyte ɗin kyamarorinsa a can sama yake kafa su suna kallon dandali daga nesa, mutane na harkarsu. Ni kuwa na zo na baje kaya a tsakiyar benci.

Yanzu littafin zanena bai wuce tafin hannu ba, fensir ɗaya, sai guntun gawayi a aljihu. Ina neman inda bango zai tsare min baya, lungu ko gindin ginshiƙi, don muddin akwai fili a bayanka to sai an tsaya maka. Kuma ba na buɗe littafin da zuwana, sai na zauna na jima kamar kowane matafiyi har idanu su gaji da ni. Kallo ma na canza, ba na ƙura wa mutum ido, ina kallon allon sanarwa ko ƙofar da ke gefensa, in saci kallo ɗaya, in sunkuya in zana abin da na riƙe a ka. Abin mamaki zanen ya fi kyau a haka, domin abin da ke maƙale maka bayan kallo ɗaya shi ne lanƙwasar baya da nauyin kai, ba maɓallin riga ba.

Fuska kam na daina binta. Ka duba zanukan da Claude Monet, mai zanen nan Bafaranshe, ya yi na tashar Saint-Lazare a Paris a 1877, guda 12 ne, mutanen ciki ɗan ɗigo-ɗigo ne kawai, babu ido babu hanci, duk aikin yana kan hayaƙi da tururi da hasken da ke ratsa rufin gilashi, amma kana gani ka san tasha ce mai hayaniya. Yanayin wuri yana cikin inda duhu ya taru, da tazarar da mutane suka bari tsakaninsu a kan benci, da inda kawunansu suka fuskanta. A ɗakin jiran asibiti duk kai yana kallon ƙofa ɗaya, a wurin shaƙatawa kowa da gabansa, ka kama wannan kaɗai ka yi rabin aiki.

Wani abokina ya ce wai me zai hana in ɗauki hoto da waya in je gida in zana cikin kwanciyar hankali. Na gwada, bai yi ba sam. Kyamarar waya tana haskaka inuwa da kanta, duhun da na je nema sai ta wanke shi, ga shi ɗaukar mutane hoto ya fi zane jawo rigima nesa ba kusa ba. 'Yan Urban Sketchers, ƙungiyar masu zane a cikin gari da Gabriel Campanario ya fara a 2007 daga birnin Seattle, sharaɗinsu ke nan ma, a zana a wurin, abin da ido ya gani. A nan ina tare da su, sai dai in suka fito rukuni guda da kujerun naɗewa da akwatunan fenti, to su ma sun zama abin kallo, gini za su samu amma yanayi ya gudu.

Idan duk da haka aka kama ka, kar ka rufe littafi da sauri kamar ɓarawo, nuna wa mutum, in bai so ba yage shafin ka ba shi. Yara kuma ba na zanawa sai iyayensu sun gani sun yarda, masu gadi ma gara ka gaishe su ka nuna musu littafin tun da wuri. Zanen dattijon yana nan a gida, rabin zaure yana barci cikin gawayi, a tsakiya kuma ga mutum zaune ƙyam da ƙaramin hanci. Shi kam ya yaba ƙwarai, har ya nemi in ƙara masa gashin baki.