Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Daga Rijiyar Burtsatse Zuwa Maganaɗisu

A makon jiya na tsaya ne a inda na kammala karatu a Jami'ar Khartum, na fara aikin lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Aikin shi ne a auna zurfin ruwa a rijiyoyi, a shigar da alƙaluman cikin kwamfuta, manhajar MODFLOW ta kwaikwayi yadda ruwan ke ratsa yashi da dutse bisa ƙa'idar da injiniyan Faransa Henry Darcy ya fitar a 1856. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne babban rumbun ruwan Nuba, wanda ke kwance a ƙarƙashin Sudan da Masar da Libiya da Chadi, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 2. Ruwan ya taru ne tun zamanin da Sahara ke samun damina, dubban shekaru da suka wuce, saboda haka galibin abin da aka ɗiba ba ya dawowa. Har yau zuciyata takan sosu idan na ga ana ɓarnatar da shi.

A wani ƙauyen Hausawa da ke yankin Kordofan na Sudan aka nuna mini rijiyar burtsatse da ruwanta ke raguwa, alhali ma'auni ya tabbatar akwai ruwa a ƙasa. Dattijon da ke kula da famfon ya ce mini, "Ɗana, ruwa bai ƙare ba, bututun ne ya toshe." Da aka zaro bututun, sai ga wani jan yauƙi ya lulluɓe matatarsa. Bakteriya ce da ke rayuwa da ƙarfen da ya narke a cikin ruwa, tana mayar da shi tsatsa. Babu inda lissafin Darcy ya ambaci halitta mai rai, ga shi kuwa ita ce ta hana gari guda shan ruwa. Dalilin da ya sa na nemi gurbi a ɗakin binciken ƙwayoyin halitta ke nan, na zauna ina koyo tare da ɗaliban da na girme su nesa ba kusa ba.

A can ne na karanta binciken Richard Blakemore na 1975 kan wata bakteriyar laka a Amurka, wadda ke ƙera 'yan mitsi-mitsin duwatsun maganaɗisu a cikin jikinta, ta jera su kamar carbi, kowanne a cikin jakarsa. Jerin nan ne ke daidaita ta da maganaɗisun duniya, sai ta yi iyo ta gangara zuwa inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, domin can ne rayuwa ta fi yi mata daɗi. Ko bayan ta mutu, gawarta tana juyawa idan aka kusanto da maganaɗisu. Ikon Allah ke nan.

Da hutu ya zo, na tafi gida Mai Wurno, garinmu a Sudan, da kwalabe, na ɗebi laka a bakin kogin Shuɗin Nilu. Abin da madubin ƙara girma ya nuna mini a cikinta, shi zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.