Ɗinkin hula da 'yan matan ajina

Na shafe shekaru ina koyarwa a wata makarantar firamare da ke cikin birnin Kano, kuma duk sa'ad da watan azumi ya ƙarato nakan san abin da zai faru a ajina. 'Yan mata sukan fara gyangyaɗi tun a darasin farko, aikin da na ba su su yi a gida ya dawo ba a taɓa shi ba, wasu kuma a yi kwana uku ba a gan su ba. Dalilin shi ne ɗinkin hula, domin a lokacin ne masu sarin huluna ke matsa wa dillalai, dillalai kuma su matsa wa matan da ke cikin gida, saboda kowa yana son kayansa su isa kasuwa kafin sallah.

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da na tarar tana barci a kan benci. Da na kama hannunta don in tashe ta, sai na ga yatsunta sun yi kanta, duk da sawun allura. Da yamma na je gidansu, na same ta a tsakar gida kan tabarma tana bin zanen hula ɗinki bayan ɗinki, ta sunkuyar da kai har fuskarta ta kusa taɓa yadin, ga fitilar caji a gefe tana jiran dare. Mahaifiyarta ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta ce: "Malama, mun riga mun karɓi kafin alƙalami, idan ba mu gama ba, wani karon dillaliya ba za ta kawo mana ba." Ta ƙara da cewa kuɗin ɗinkin yarinyar adashi take zubawa da su, don kayan ɗakinta idan aure ya zo.

Ban ga laifin matar ba, kuma ni kaina a hannun kakata na koyi riƙe allura. Sai dai koyon sana'a daban, aikin da aka yanka wa wa'adi kuma daban. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta, Nijeriya kuma ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan aikin yara tun 2002, amma mai talla kowa yana ganinta a titi, ita kuwa mai ɗinki tana bayan zaure, inda babu jami'in da ke leƙawa. Sunanta yana cikin rajista, don haka ba a lissafa ta cikin waɗanda ba sa zuwa makaranta, alhali tana shirin gama firamare ba ta iya karanta shafi guda ba tare da inda-inda ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, hular da ta ɗauki makonni tana cinye mata ido, ribarta mafi tsoka a hannun wasu take ƙarewa.

Ranar mun daidaita da mahaifiyar cewa yarinyar za ta ajiye allura bayan sallar isha'i, ni kuma in riƙa zama da ita rabin sa'a bayan an tashi. Hakan ya ɗore har zuwa ƙarshen zangon, sannan babbar sallah ta matso, dillaliya ta sake kawo zare da yadi.